Katin da Ya Rage a Hannuna

Ku da kuka shigo Riyad jiya-jiya, na ji abin da kuke faɗa a wurin mai shayi a Batha. Wai tuƙin motar makaranta aikin tsofaffi ne: ka ɗebo mutane da safe, ka sami inuwa ka miƙe ƙafa, da yamma ka mayar da su. Ɗayanku ma, wancan mai gemun da bai gama fitowa ba, cewa ya yi in na gaji in bar masa kujerar. To ku matso. Shekara goma sha ɗaya na yi ina jan kosta a wata makarantar koyar da Larabci a Shumaisi, irin wadda baƙi ma'aikata ke zuwa bayan sun tashi daga aiki, kuma tuƙin shi ne mafi ƙanƙanta a cikin aikin. Wanda ya ja tifa tsakanin Funtuwa da Gusau ba titin Riyad ne zai gagare shi ba. Mutanen da ke bayanka su ne aikin.

Baba Usmanu ne ya koya mini. Mutumin Sudan ne amma Bahaushe, kakanninsa suka yada zango a can kan hanyar hajji, ba su ƙarasa ba, ba su kuma koma ba. Hausarsa ta tsofaffi ce, in yana magana sai ka ji kamar kakarka ce ke yi maka faɗa. Ranar farko bokiti da tsumma ya miƙo mini, ni da na bar mata da 'ya'ya uku a gida. Wata biyu na yi a gefensa kafin ya yarda na taɓa sitiyari da fasinja a ciki. Kullum da asuba sai ya buɗe inji ya taɓa belin na'urar sanyi da yatsa, don a garin nan in sanyi ya mutu da rana, ba ka da mota. Shi ya koya mini in sha mai tun kafin a kira sallah, domin a shekarun can da zarar ladani ya buɗe baki gidan mai ya rufe, sai ka zauna da mutum ashirin suna kallon ƙeyarka. Ya koya mini kada in taka birki da ƙarfi in malami yana tsaye yana bayani. Ya koya mini inda ake ajiye tabarmi da jarkar ruwan alwala don kada su jiƙa littattafan ɗalibai.

Amma babban kayan aikinsa wata 'yar jakar fata ce shimfiɗaɗɗiya, da roba a ɗaure. Duk ranar da aka fita da ɗalibai yawon buɗe ido, yana tsayawa a ƙofa, kowa ya zo hawa ya miƙo iƙamarsa, wato katin izinin zama. Dalilin shi ne shingen bincike. In jami'i ya leƙo mota ya tarar da mutum ashirin suna lalube a aljihu, ba mai jin abin da yake faɗa, rabin awa ta tafi. In kuwa ka miƙa masa katunan a haɗe, ya duba ya ƙirga ya ɗaga maka hannu. Sai dai dokar tana da rabi na biyu, kuma a nan Baba Usmanu ba ya wasa. In an iso za a sauka, sai ka sake tsayawa a ƙofa ka mayar wa kowa nasa, hannu da hannu. In an dawo za a hau, ka sake karɓa. Ya ce da haka ba ka buƙatar ƙirga kowa, jakar ce za ta gaya maka wanda bai dawo ba. Ya hana ni ƙirga kawuna ta madubi, ya ce wannan aikin kwandastan tasha ne. Da ya koma Sudan ya bar mini jakar.

Fasinjojin kuwa, kowane iri da nasa. 'Yan Filifin ma'aikatan asibiti, su da dariya suke hawa da dariya suke sauka, kuma sai sun cusa maka abinci. Injiniyoyin Indiya da Pakistan duk sun fi ka sanin hanya, kowa da kwanar da yake so ka bi. Sai namu likitoci na Najeriya, waɗanda ba sa jin Hausa sai ranar da mota ta lalace. Leburori ba su da yawa, don makarantar ba ta masu ƙaramin ƙarfi ba ce.

Malam Haladu yana cikin 'yan kaɗan ɗin nan. Mutumin Haɗeja ne, mai walda a wani kamfanin ƙarafa a unguwar masana'antu, ya ba hamsin baya, gemunsa ya fara furfura. Shekara tara yana ƙasar. Yana karanta Alƙur'ani sarai, amma in injiniya ya miƙo masa takardar aiki sai ya nemi wani yaro sa'an ɗan cikinsa ya karanta masa, kuma wannan ne ya hana a ba shi shugabancin masu walda. Shi ya sa ya shiga makaranta da furfurarsa. Ba shi da surutu. Kujerarsa ɗaya ce kullum, ta ƙarshe can baya gefen taga, da hularsa ƙube. In zai sauka sai ya tsaya ya ce, Malam Bala, Allah ya huta gajiya. Gida biyu yake riƙe da su a Haɗeja da waldar nan, nasa da na ƙaninsa da ya rasu.

Sai shekarar da aka tsananta binciken iƙama ta zo. Ku ba ku gan ta ba. Batha da kuke ture juna a cikinta yanzu, da rana tsaka kana iya ƙirga mutanen da ke kan titi. Shaguna suka sauke ƙofofi, mutane suka kulle kansu a ɗakuna. Ba wanda ba shi da takarda kaɗai ake nema ba, har wanda yake da ita amma aka same shi yana yi wa wani aiki ba kafilinsa ba, wato mutumin da ya ɗauko shi ƙasar, sunansa ke kan katin. Su kansu kafilan tsoro ya kama su. Ma'aikacin da ya ja wa kafilinsa zuwa ofishin 'yan sanda, da wuya ya ƙara wata a ƙasar. Direban da aka kama da marar takarda a motarsa kuwa, nasa ya fi muni.

A cikin wannan hali ƙarshen zangon karatu ya zo, kuma makaranta ba ta fasa fitar da ta saba ba. Riyad ba ta da teku, 'yan Filifin har dariya suke yi in an ce za a je bakin ruwa. Abin da muke da shi shi ne Wadi Namar, can bayan unguwar Shifa: tafki ne da aka tare da madatsa, aka shimfiɗa hanyar tafiya da ƙafa a gefensa, aka jera dabino. Da sanyin hunturu wurin yana da daɗi, ba ƙarya. Malamin da ke fita da su wani Bamisre ne, Ustaz Magdi, mutum mai son aikinsa da son saurin komawa gida. Aikin da yake ba su a can shi ne kowa ya ɗauki littafinsa ya rubuta abu ashirin da ya gani da Larabci, sannan ya tare wani mai wucewa ya yi masa tambaya ɗaya ya rubuta amsar.

Ranar Asabar ce. Aji biyu aka haɗa, mutum ashirin da huɗu, rabi ba su san rabi ba. Na karɓi katuna a ƙofar makaranta kamar kullum. Mun isa da hantsi, na faka a filin ajiye motoci, na ɗauko jakar na tsaya a ƙofa. Ustaz Magdi ya riga ya yi gaba yana tafa hannu yana yalla, yalla. Na dubi jakar, na dubi layin mutanen da ke son sauka, sai na ce musu kowa ya wuce, katunan suna wurina, kada wani ya je ya jefa nasa a ruwa. An taɓa yin haka, wani ya sunkuya ɗaukar hoto walat ɗinsa ya faɗa tafkin. Amma kada in yi muku ƙarya, ba wannan ne dalilin ba. Ƙyuya ce da jin kai. Shekara bakwai ina aikin ba abin da ya taɓa faruwa, na fara ganin dokar tsoho ɓata lokaci ce.

Kowa ya wuce, sai Malam Haladu, da yake shi ne na ƙarshe, ya tsaya a kan matakala ya miƙo hannu.

"Malam Bala, ba ni nawa. Shekarar nan ba ta rabuwa da kati ba ce."

"Haba Malam, wa zai kama ka a bakin ruwa? Kifi?"

Ya yi dariya, irin ta mutumin da ba ya son musu da wanda ya fi shi sanin wuri. Ya janye hannunsa. Har ya sauka ya dawo ya ba ni wayarsa, ya ce caji ya ƙare, in sa masa a mota.

Yinin ya tafi daidai. Ina zaune a inuwar mota ina hango su, manyan mutane da littattafai suna bin agwagi da ido suna tambayar Ustaz sunansu. Wani ɗan Indiya ya tare wani dattijon Balarabe ya yi masa tambayarsa, dattijon ya riƙe shi kusan rabin awa yana ba shi tarihin kwarin. Da azahar na shimfiɗa tabarmi, muka yi sallah, aka buɗe kabsa, shinkafa da kaza a faranti babba, kowa ya sa hannu. Malam Haladu ya nuna mini littafinsa, ya rubuta abu tara, ya ce saura goma sha ɗaya, hannunsa ya saba da ƙarfe ba alƙalami ba.

Bayan la'asar na zagaya bayan banɗakuna in cika jarka, sai na ji an ce, Yaya Bala. Na waiga na ga Sabi'u. Ɗan unguwarmu ne a Funtuwa, gidansu na kallon namu, uwarsa ce ta yi wa matata wankan jego a haihuwar fari. Umara ya zo shekarun baya ya maƙale, ba shi da ko guntuwar takarda. Ashe wani ɗan kwangila ne ke kawo su, shi da wasu irinsa, suna jera duwatsu a ƙarshen tafkin, ranar ya ji ƙishin-ƙishin za a zo bincike, ya ja motarsa ya bar su, kowa ya kama gabansa. Tun safe Sabi'u yake laɓe a wurin. Leɓensa ya bushe. Ya ce don Allah in fitar da shi ko zuwa bakin Batha ne.

Na san hukuncin, sarai na sani. Amma ku ma Hausawa ne, ku gaya mini yadda ake cewa a'a a nan. In na bar shi aka kama shi, kafin jirginsa ya sauka Kano labari ya isa Funtuwa cewa Bala ya gan shi ya kau da kai, da wane ido zan dubi tsohuwar nan? Na ce ya jira sai an fara naɗe tabarmi, ya sulale ya shige can baya, ya zauna ya ja hula ya yi shiru. Haka ya yi. Kujerar da ya samu babu kowa ita ce ta ƙarshe, gefen taga.

Aka hau. Ba katin da zan karɓa a ƙofa tunda duk suna wurina, don haka ban ma tsaya a ƙofar ba, ina can ina ɗaure tabarmi, hankalina duk yana kan Sabi'u. Na zauna, na danna ham sau biyu, na ɗaga kai na ƙirga ta madubi. Ashirin da huɗu. Kamata ya yi in sami ashirin da biyar, amma kaina bai kawo wannan ba, na ji lambar da na fito da ita da safe na gamsu. Ustaz Magdi ya tambaya ko an cika, na ce an cika. Ya waiga sau ɗaya, ya ga baƙin mutum da hula a kujerar baya, ya gyara zama. Na tayar da mota.

Allah ya rufa asiri ba mu haɗu da shinge ba. Ustaz ya sauka a Shifa kusa da gidansa. A wata danja kafin Batha na buɗe ƙofa Sabi'u ya sulale, rabin ɗaliban suna gyangyaɗi. Na sauke ajiyar zuciya, har ina jin na yi aikin lada. A ƙofar makaranta na ɗauko jakar, ina kiran suna ina miƙawa, kowa na karɓa yana godiya. Motar ta zama wayam, kati ɗaya yana hannuna. Na juya shi na ga fuskar Malam Haladu. Na dubi wurin caji, wayarsa tana nan ta cika.

Ban san yadda na koma Wadi Namar ba. Ana kiran magariba na isa. Na bi hanyar bakin ruwan daga wannan kai zuwa wancan ina kiran sunansa kamar mahaukaci, iyalan Larabawa suna kallona. Wani ɗan Bangladash mai shara ne ya gaya mini. Ya ce wani baƙin dattijo da littafi a hannu ya daɗe tsaye a filin motoci, sai motar sintiri ta zo neman masu jera duwatsu, suka tambaye shi iƙama, ya yi ta nuna musu littafin, suka sa shi a mota. Daga baya na ji abin da ya tsayar da shi: bayan wani dutse ya samu ya zauna yana ƙarasa abubuwansa ashirin.

Har zuwa nan, abin da na yi kuskure ne. Babba ne, amma kuskure ne, direbobi da suka fi ni sun bar mutum a baya. Abin da ya biyo baya shi ne wanda ban taɓa faɗa wa kowa ba sai ku yau.

Washegari da safe mudir, shugaban makarantar, ya kira ni ofishinsa, ni da Ustaz Magdi. Ɗan ƙasa ne, ana ce masa Abu Fahad, mutumin kirki, bai taɓa ɗaga mini murya ba. Ya riga ya buga waya ya gano ofishin da ake tsare da Malam Haladu, ya kuma ji cewa ana zarginsa da aikin waje, tunda a wurin masu duwatsu aka same shi, kuma ba za a sake shi ba sai kafilinsa ya zo da kansa. Ya shimfiɗa mana maganar a fili. Ya ce in motar makaranta ce ta bar mutumin, to laifin makaranta ne, shi da kansa zai sa rigarsa ya je majalisar kafilin ya ba shi haƙuri, kuma a tsakaninsu 'yan ƙasa in mutum ya tako har gidanka ya ce laifina ne, ba a mayar da shi hannu wofi. In kuwa ɗalibin ne ya yi gabansa, makaranta za ta rubuta takarda cewa ɗalibinta ne, iyakarta ke nan. Sannan ya dube ni.

"Ya Bala, motar ce ta bar shi, ko shi ya bar motar?"

In na ce motar ce, tambaya ta gaba ita ce yaya aka yi lissafi ya cika, daga nan sai Sabi'u, daga Sabi'u sai ni a jirgi. Duk wannan ya wuce ta kaina kafin ya rufe baki. Na ce na ƙirga mutum ashirin da huɗu kafin in tashi, Ustaz shaida ne. Na ce wataƙila ya sake sauka bayan na ƙirga. Na ajiye katin da wayar a kan tebur na ce a mota na same su. Ustaz Magdi ya san katunan duk suna wurina, amma shi ma bai kira suna ba, ya kuma sauka tun kafin a iso makaranta, don haka ya zuba wa darduma ido. Abu Fahad ya girgiza kai ya ce la haula, ya sa aka buga takarda mai layi biyu.

Ni na kai katin da takardar ofishin da ake tsare da shi. Ba su bar ni na gan shi ba, ni kuwa wallahi na ji daɗin hakan. Kafilin yana gonarsa a wajen gari, sai da ya kwana uku ya zo. Ya sa hannu aka saki mutumin, ya karanta takardar makaranta a tsaye ya mayar. Ya ce shi bai san da wata makaranta ba, bai kuma san abin da ma'aikacinsa ke yi a wurin 'yan kwangila ba kati a jikinsa ba, kuma a shekara irin wannan ba ya son ciwon kai. Ya buga masa takardar fita daga ƙasar ta dindindin, ya ba shi mako biyu ya haɗa kayansa.

Mako biyu, ku lura. Kwana goma sha huɗu ina wucewa ta ƙofar ofishin Abu Fahad safe da yamma, kuma ko a ranar ƙarshe in mudir ya je wurin kafilin ana iya soke takardar. Sau ɗaya na kai har ciki. Ya ɗago ya tambaye ni ko lafiya, na ce tayar baya ta hagu ce take son canji. Ya ce a canja. Sabi'u kuwa ya kira ni yana ta godiya, ya ce ya gaya wa tsohuwa abin da na yi masa, tana sa mini albarka.

Ana saura 'yan kwanaki Malam Haladu ya zo makaranta karɓar takardar shaidar zangon da ya gama. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Abu Fahad ya shigar da shi ofis ya aika a kira ni. Ya gaya masa abin da na faɗa, cewa an ƙirga an cika, shi ne ya bar motar, ya tambaye shi ko haka ne. Na tsaya a bakin ƙofa. Malam Haladu bai dube ni ba. Ya amsa da Larabcinsa na aji, kalma bayan kalma, cewa ya zauna bayan dutse yana rubutu, bai lura da lokaci ba, laifinsa ne. Bai ambaci kati ba. Abu Fahad ya ce masha Allah, Larabcinsa ya yi kyau ƙwarai, abin takaici ne da zai tafi yanzu. Ni dai a rayuwata ban taɓa jin kunya irin ta wannan tsayuwar ba.

Da muka fito ya ce yana da roƙo ɗaya, in kai shi filin jirgi, ba ya son ya wahalar da yaran ɗakinsu su bar aiki. Na ari ƙaramar motar wani abokina. Jirgin rana ne. Kayansa akwati ɗaya da jarkar zamzam da wani ya kawo masa, sai hular walda da ya ɗaure a leda. Hanyar filin jirgi doguwa ce, kun sani, kuma duk tsawonta hira yake yi mini kamar ba komai: ko an yi ruwa sosai a gida bana, yadda walda take a Haɗeja in babu wuta, wai sai ya nemi wanda zai haɗa gwiwa da shi su sayi janareta. Ya ce bai gaya wa matar ƙaninsa ba tukuna, sai ya isa. Ni ina ta e, haka ne, Allah ya sa.

Na tsaya a wurin sauke fasinja, na fito na sauke akwatin, na ɗora a kan kurar kaya. Ya riƙe hannun kurar amma bai tura ba.

"Malam Bala, wanda ya zauna a kujerata, yana da takarda?"

Ya ce ya ji ham ɗin, ya taso da gudu, ya biyo motar har bakin kwalta, ya hango hula ta gilashin baya, ya san namu ne. Na ce masa ba shi da ita. Na ce ɗan unguwarmu ne.

"Haka na zata. Da na faɗa, mu uku za mu hau jirgin nan, ni da kai da shi."

Na kama hannunsa da hannu biyu, a gaban mutane, na ce Malam, don girman Allah ka yafe mini. Ya bar hannun a cikin nawa, bai janye ba.

"Barina da ka yi na yafe, tun ina can ciki na yafe, mantuwa ce. Abin da ka faɗa wa mudir kuwa, ka bar ni tukuna."

Ya gyara hularsa ya tura kurar, ƙofar gilashi ta buɗe masa ta rufe. Ina nan tsaye sai da ɗan sanda ya zo ya buga bayan motar ya ce in cire ta daga wurin.